Yadda Ake Sauya Wa A-kori-kura Aksul Na Baya Da Sifirin Mai Ɗaukar Nauyi

Motar da ke jigilar masara daga ƙauye zuwa Dawanau, ko siminti da rodi zuwa wurin gini, bayanta ne ke fara gajiya. Tun ba a gama lodi ba ta zauna, aksul, wato bututun ƙarfen da tayoyin baya ke jikinsa, na dukan robar da ke ƙarƙashin shasi a kowane rami, boris na kuka, man giya na tsiyaya cikin birki. Idan ka ga haka, lokacin ƙara mata ƙarfi ya yi. Zan yi bayanin a kan Toyota Hilux don ita ta fi yawa a hannunmu, amma tsarin ɗaya ne ga duk a-kori-kura mai sifirin ɗin falle-falle a baya.

Ka riƙe wannan tun kafin ka taɓa sifana: aksul da sifirin suna hana mota zama da karyewar shaf (sandar cikin aksul da ke juya taya), amma ba sa ƙara wa shasi, birki da taya komai. Jaki ne aka ƙara wa kaurin akumari, ƙashin bayansa na nan yadda yake. Hilux dai an gina ta ne don kaya kimanin tan 1, wato buhun siminti 20 ko buhun masara 10, kuma nauyin direba da yaran mota na cikin wannan lissafin. Aikin da za mu yi zai sa ta ɗauki kayanta kullum a kan mugunyar hanya ba tare da ta lalace ba. Ba zai mai da ita Canter ba.

KAYAN AIKI

Jak biyu, ɗaya babba mai taya idan da hali. Ƙafafun ƙarfe na tokare mota guda huɗu. Idan babu, guntayen katako masu kauri da aka yanka daidai. Ban da bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Waigi na tare tayoyin gaba. Sifana da sokit daga lamba 10 zuwa 24, da dogon fayif na ƙara ƙarfi. Sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ko da ta aro ce. Ƙaramar sifanar fayif ɗin birki lamba 10, mai baki kamar zobe da aka tsaga, domin ta gama-gari tana cinye kan noti. Guduma, kurfi, burushin ƙarfe, giranda, tef ɗin awo, alli ko fenti, matsi biyu na damƙe fallayen sifirin, da ma'aunin kwana, wato na auna karkata (na cikin waya ma yana yi). Man kwance tsatsa irin WD-40, ko kananzir a gauraya da ɗan baƙin mai. Sai mutum biyu masu ƙarfi, don aksul ba kayan mutum ɗaya ba ne.

KAYAN DA ZA A SAYA

Aksul cikakke da birkinsa da igiyar hambirkinsa. Sifirin guda biyu, hagu da dama, iri ɗaya. Sabbin yu-bol huɗu (lanƙwasassun kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul) da notinsu, sabon santa bol (kusar da ke haɗe fallayen sifirin a tsakiya), sabbin bushin (robar cikin idon sifirin), shokazoba biyu masu dacewa da sabon tsayin motar, tiyon birki, oyil sil, man giya mai lamba GL-5 (90 ko 80W-90), man birki DOT 3, da giris. Idan aksul ɗin ba na dangin motarka ba ne, ƙara da sabbin kujerun sifirin (ƙarafan jikin aksul da sifirin ke zama a kai) da ƙwararren mai walda.

1. AUNA MOTARKA KAFIN KA JE KASUWA

A nan aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Wanda ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba da takardar awo ba, abin da mai kaya ya ga dama zai ba shi. Ka rubuta:

Faɗin aksul daga fuskar da wili ke zama zuwa ɗaya fuskar. Tazarar tsakiyar kujerar sifirin ta hagu da ta dama. Faɗin fallen sifirin. Na Hilux milimita 60 ne, na Land Cruiser 70, kuma mai faɗi ba zai shiga mariƙin marar faɗi ba. Tsawon sifirin daga idon gaba zuwa santa bol, sannan daga santa bol zuwa idon baya, domin ba daidai suke ba. Yawan kusoshin wili: Hilux mai fo-wil shida gare ta a kan da'irar milimita 139.7, ƙananan marasa fo-wil da yawa biyar ne. Ramukan fuskar da farfela ke ɗauruwa, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa aksul. Sannan ka duba ko sifirin a saman aksul yake ko a ƙasa. A Hilux mai fo-wil a sama yake, a gajerun marasa fo-wil a ƙasa. A ƙarshe auna tsayi daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi, hagu da dama, mota ba kaya.

2. SAN LISSAFIN GIYAR DIFARANSHA

Cikin kan aksul, wato difaransha, akwai babbar giya da ƙarama. Ka raba haƙoran babbar da na ƙaramar, shi ne lissafin. Haƙora 41 da 10 suna ba da 4.10, 43 da 10, 4.30, 41 da 9, 4.56, 39 da 8, 4.88, 43 da 11, 3.91. Duk ana samun su a kayan Toyota. Lamba mai girma tana ba da ƙarfin jan kaya da hawan tudu, amma injin zai riƙa ƙara a kan titi kuma ya sha mai. Ƙaramar lamba gudu ce, sai dai kulocin motar kaya ne zai biya kuɗin.

Idan motarka mai fo-wil ce, dole lissafin baya ya zo daidai da na gaba. Ba a yin ciniki a wannan. Ranar da ka sa fo-wil alhali sun bambanta, gaba da baya za su yi ta jayayya har giya ta karye.

Ba sai ka buɗe ba za ka sani. Ɗaga taya ɗaya, ɗayar na ƙasa, giya a firi, tayoyin gaba da waigi. Sa alamar alli a taya da farfela. Juya tayar sau biyu cif kana ƙirga zagayen farfela. Huɗu da ɗan ɗoriya 4.10 ne, huɗu da kusan kashi ɗaya cikin uku 4.30, huɗu da rabi da ɗan kaɗan 4.56. Idan tayar ta ƙi juyuwa, difaranshar mai kama ƙafa biyu ce: ɗaga duka biyun ka juya sau ɗaya kawai. Irin wannan kuma man giyarta daban ne, mai rubutun LSD.

3. ZAƁEN AKSUL

Aksul iri biyu ne. A na Hilux, shaf ɗin da ke juya taya shi ne kuma ke ɗauke da nauyin mota a kan boris ɗaya. Idan ya karye, taya na iya ficewa da dorom ɗinta. A ɗaya irin, wanda ake samu a Land Cruiser ta ɗaukar kaya da manyan motoci, nauyin na kan bututun aksul ta hanyar boris biyu, shaf juyi kawai yake yi. Za ka gane shi da dunƙulen da ke fitowa a tsakiyar wili da ƙananan kusoshi a kewaye. Wannan shi ne mai ƙarfin gaske.

Amma shawarata ga wanda bai taɓa yi ba, ya nemi aksul ɗin Hilux mai fo-wil, ko na samfurin da ya fi nasa girma, wanda awonsa ya zo kusa. Yawanci yana zama ba yanka ba walda, kuma kayan gyaransa na ko'ina. Na Land Cruiser yana da sharuɗɗa: kan difaranshar da yawansu ya karkata gefen dama, na Hilux kuwa a tsakiya yake, don haka farfela za ta tafi a karkace, har ta iya kusantar tankin mai. Sifirin ɗinsa a ƙasa yake zama, sai an yanke kujerun an mai da su sama. Sannan samfurin 79 kusoshi biyar gare shi a kan da'irar 150, wato wilin gaba da na baya za su bambanta, ka koma yawo da safaya biyu. Tsohon samfurin 75 ne mai shida irin na Hilux. Ana yi, kuma yana kyau idan an yi daidai, amma ba aikin koyo ba ne.

Idan motarka mai ABS ce (tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki), sai aksul mai wurin na'urar da ke karanta juyin taya, in ba haka ba fitila za ta kama a dashbod kuma tsarin ya daina aiki.

A wurin mai kaya, ka sa a kwance kusar zubar da mai. Baƙin laushi a jikin maganaɗisun ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko mai da ya koma ruwan madara, bar shi. Juya fuskar farfela da hannu: ta tafi sumul, ba tsalle, ba girgiza sama da ƙasa. Ja zare daga wannan ƙarshe zuwa wancan ka ga ko bututun ya lanƙwashe. Sabon fenti a kan tsohon aksul kuwa, ka kankare ka ga me aka rufe.

4. ZAƁEN SIFIRIN

Hanya mafi kyau ita ce cikakken sifirin da aka ƙera don kaya mai nauyi, mai awo ɗaya da naka. Ka nemi wanda falle na biyu ya naɗe idon babban falle, domin ko babban ya karye, aksul ba zai zame baya ba.

Idan kuɗi bai kai ba, a ƙara falle ɗaya ko biyu a kowane gefe. Sharaɗi shi ne faɗi ɗaya, lanƙwasa iri ɗaya, kuma tsawon sabon ya faɗa tsakanin na samansa da na ƙasansa, su sauka kamar matakala. Da giranda ake yanka, kuma a goge bakin don kada ya ci ɗan'uwansa. Kada a huda sifirin da wutar gas, kada a yi masa walda, kada a gasa shi don a lanƙwasa. Wuta na kashe taurinsa, kuma daidai wurin zai karye. Bugun sifirin a kan uwar maƙera a sanyi yana ɗaga mota, amma na ɗan lokaci ne. Wanda ya gaji ya gaji.

Masu tara falle goma sha a bayan Hilux suna ganin gwaninta ce. Sifirin da ba ya lanƙwasawa ya daina aikinsa, duk dukan rami shasi ne ke sha. Ƙarshenta shasi ya tsage ko ya lanƙwashe tsakanin kai da bodi, musamman a mai ƙofa huɗu. Ga mota ba kaya kuma bayanta na tsalle, ba ta kama ƙasa a kwana.

5. TOKARE MOTA

Tun daren jiya ka jiƙa duk notin da man kwance tsatsa. Sauke kaya da safaya, tsaya a daɓe mai ƙarfi, sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba. Sassauta notin wili, ɗaga mota, ka tokare shasi a gaban mariƙin sifirin, ba aksul ba. Girgiza ta da ƙarfi. Idan ta motsa, sake tokarewa. Ka tura tayoyin da ka cire ƙarƙashin shasi.

6. CIRE TSOHON

Zubar da man giya. Sa alama a farfela sannan ka kwance ta daga baya, ka ɗaure ta sama da waya; kada ka bar ta tana reto, kuma kada rabinta ya zare, don idan aka mai da shi ba bisa haƙoransa na asali ba mota za ta yi rawa. Kwance fayif ɗin birki a inda tiyo ya haɗu da shi, ka toshe bakin. Cire igiyar hambirki, wayar ABS idan akwai, da ƙasan shokazoba. Akwai kuma wani siririn ƙarfe da ya taso daga aksul zuwa wani bawul a jikin shasi. Cire shi a hankali ka adana, za mu dawo kansa.

Sa jak ƙarƙashin kan aksul ya ɗauki nauyi, sannan ka kwance yu-bol. Wanda ya ƙi, yanke shi, dama ba za a mai da shi ba. Idan sifirin a sama yake, sauke aksul ka jawo shi. Idan a ƙasa yake, tokare aksul, kwance sifirin ta baya ka sauke shi tukuna. Daga nan cire kusar idon gaba. Goge mariƙan da burushi ka duba tsaga da ramin da ya zama ƙwai. In akwai, yanzu ne lokacin gyara.

Mai ƙara falle: damƙe sifirin da matsi biyu hagu da daman santa bol kafin ka kwance shi, sannan ka sassauta a hankali. Akwai ƙarfi a ɗaure a ciki da zai iya fasa haɓa. Wajen haɗawa ma matsi ne zai haɗe fallayen, ba santa bol ba.

7. GYARA SABON AKSUL A ƘASA

Kafin ya hau mota, sauya oyil sil, duba boris, buɗe dorom ka ga takalmin birki da silinda. Busa ƙaramar hular numfashi da ke saman bututun. Idan ta toshe, zafi zai tura mai cikin birki.

Idan sai an matsar da kujeru, yanke tsoffin da giranda ba tare da ka ci bututun ba. Ɗora sabbin ba walda, a haɗa komai a mota, a sauke ta a kan ƙafafunta, sannan a daidaita. Faɗin hagu da dama ya zo daidai, fuskar farfela ta aksul kuma ta yi kwana ɗaya da ta bayan giya, bambanci kada ya wuce digiri ɗaya ko biyu. Sai a ɗiga walda a fitar a ƙarasa. Mai walda ya riƙa yi kaɗan-kaɗan yana sauya gefe yana barin ya huce, domin zafi a wuri ɗaya na jan bututu ya lanƙwashe, daga nan boris ba zai ƙara daɗewa ba. A zare shaf da sil kafin walda.

8. HAƊAWA

Sa bushin. Na roba da ruwan sabulu ake turawa, giris na cinye shi. Mai launi irin na leda mai tauri shi ke son nasa giris. Rataya sifirin, gajeren ɓangare a gaba kamar yadda ka auna, noti da hannu kawai. Ɗago aksul har kan santa bol ya faɗa ramin kujera a kowane gefe. Leƙa da fitila ka tabbata, domin idan bai faɗa ba mota za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Sa sabbin yu-bol. Tsohon ya riga ya miƙe, zarensa ya gaji, ba zai riƙe ɗauri ba, kuma sakin yu-bol shi ne kan gaba wajen karya santa bol da fallaye a tsakiya. Ɗaura a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su zo daidai, sannan ka ƙarasa da sifana mai awo bisa lambar littafin motar. Auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa na baya a kowane gefe; su zo ɗaya.

Mai da farfela bisa alamarta. Idan ramukan ba su hau ba, a sauya fuskar farfelar da ta dace, kada a faɗaɗa rami. Duba inda take zuƙewa: ta samu wurin shiga da na fita. Idan tsawon bai yi ba, wurin masu injin dire za a kai ta.

Shokazoba kuwa, bar aksul ya sauka iyakarsa ka ga ko ta kai, ka kuma duba tiyon birki bai ɗame ba. In ya ɗame, sa mai tsawo. Sa tayoyi, sauke mota, girgiza bayanta sau da yawa, sai yanzu za ka ɗaure kusoshin idon sifirin da na shokazoba. Wanda ya ɗaure su mota na sama, bushin zai murɗe ya yage cikin ɗan lokaci.

9. BIRKI

Zuba man giya har ya fara fitowa daga ramin cikawa, mota a daidai. Fitar da iskar birki daga tayar da ta fi nisa da tukunyar mai, ka biyo zuwa mafi kusa, kada tukunyar ta bushe. Daidaita takalmi da hambirki.

Yanzu bawul ɗin nan. Aikinsa shi ne auna yadda mota ta zauna: idan ta zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan ba kaya ya rage don kada taya ta kulle. Da ka sa sifirin mai tauri mota ta ɗaga, sai ya ɗauka kullum ba kaya, ka ɗauko lodi birkin baya na barci, na gaba na ƙonewa a gangare. Maganin shi ne a ɗaga mariƙin ƙarfen da ke kan aksul daidai da yadda motar ta ɗaga. Awon da ka yi a mataki na farko zai gaya maka nawa ne. Kada a ɗaure shi sama da waya, kada a cire shi, kamar yadda wasu ke yi. Shi ma yana da kusar fitar da iska, a yi masa a ƙarshe. Masu ABS da yawa ba su da shi.

10. TAYA

Karanta gefen taya. A 195R15C mai lamba 106, kowace na ɗaukar kilo 950. A 205R16C mai 110, kilo 1,060. Mai 116, kilo 1,250. Wannan kuma sai an ba ta iskar da aka rubuta a jikinta. Biyu masu 106 kilo 1,900 ke nan, har da nauyin bayan motar kanta. Aksul komai ƙarfinsa iyakarsa ke nan. Tayar ƙaramar mota marar harafin C ko LT ba ta da wuri a nan.

11. GWAJI DA SAKE ƊAURI

Fara ba kaya, a fili, a hankali. Taka birki ka ga ba ta ja gefe kuma baya bai riga gaba kullewa ba. Ƙara gudu kana saurare: rawa a ƙarƙashin kujera daga farfela ce, kuka mai tashi idan ka taka totur ya ɗauke idan ka saki daga difaransha ne. Tsaya ka kai hannu kusa da kowane dorom. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi yana kamawa. Idan lissafin giya ya sauya, ma'aunin gudu na iya yin ƙarya, gwada shi da na waya. Bayan motar ya ɗaga, don haka fitilun gaba sun sunkuya, a daidaita su.

Sai a gwada da rabin kaya, sannan cikakke. Bayan kilomita 100 na farko sake ɗaure yu-bol da notin wili, ka maimaita a kusan 500, domin sabbin fallaye suna kwanciya su bar sarari. Wajen lodi, mai nauyi ya zauna jikin kai, a kan aksul ko gabansa. Abin da aka ɗora a kan ƙofar baya a buɗe yana ɗage tayoyin gaba, sitiyari ya yi sako-sako, kuma shi ke lanƙwasa shasi. Lambar nauyin da ke jikin farantin motar ba ta sauya ba, ita ce kuma jami'an kiyaye haɗurra da na VIO za su duba.